"Ai Injin Honda Ne": Abin Da Ke Cikin Babur Ɗan Caina Kafin A Miƙa Kuɗi

A layin 'yan babura na kowane babban gari, daga Kano zuwa Maraɗi, akwai maganar da kusan duk mai sayarwa ke faɗa wa matashin da ya tsaya yana shafa tankin sabon babur ɗan Caina: "Ai injin Honda ne, ɗan'uwa, suna ne kawai ya bambanta." Matashin, wanda wataƙila ya shekara yana zuba adashi ko yana tara ribar POS kafin ya zo nan, yakan ɗauka daɗin baki ne irin na 'yan kasuwa. Akwai gaskiya a maganar. Sai dai rabin gaskiya ce, kuma ɗaya rabin da ba a faɗa shi ne ke yanke hukuncin ko babur ɗin zai yi shekaru yana aiki, ko kuwa injinsa zai buga kafin damina ta zagayo.

Tambayar ta ƙara nauyi tun 2023. A ranar 29 ga Mayu aka sanar da cire tallafin mai a Najeriya, a watan Yuni kuma aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Litar fetur da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 1,000 kafin ƙarshen 2024. Mutane da yawa suka jingine motoci suka koma babur, shi kuma babur ɗin ya yi tashin gwauron zabi, har sabon Boxer ya wuce naira miliyan ɗaya. Ɗalibi, da mai kai saƙon kayan da aka saya ta WhatsApp, da mai haɗa sola, duk sai idonsu ya koma kan mai sauƙin kuɗi. Mai sauƙin kuɗin nan kuwa kusan ko yaushe injin kwafi ne a jikinsa.

Injin da aka ƙera don wanda ba ya juye

Yawancin baburan Caina masu 125cc da 150cc, waɗanda injinsu ke tsaye, jikokin Honda CG125 ne. Tarihin wannan inji shi ne abu na farko da ya kamata ya kwantar wa mai saye hankali.

A 1974 kamfanin Honda ya tura injiniyoyinsa su zaga ƙasashe irin su Tailan, Indunusiya da Pakistan, domin su ga dalilin da ya sa baburansa ke saurin lalacewa a can. Abin da suka tarar ba zai ba ɗan Arewa mamaki ba. Mutum biyu zuwa huɗu a kan babur ɗaya. Baƙin mai ya yi kauri ya zama kamar kwalta saboda ba a juye. Matatar iska ta toshe da ƙura. Ba a zuwa wurin bakanike sai babur ya ƙi tashi. Maimakon su tsaya koya wa mutane kula da inji, sai suka koma suka ƙera wanda zai jure rashin kular. A 1975 CG125 ya fito.

Dabarar tana wajen buɗe bawul. A injinan da suka gabace shi, wata siririyar sarƙa ce, wadda makanikai ke kira tayimin cen, ke juya sandar da ke can saman inji tana buɗe bawul tana rufewa. Wannan saman shi ne wurin da mai ke isa a ƙarshe, shi ne kuma ke fara cinyewa idan man ya lalace. A CG sai aka sauko da wannan aiki ƙasa, kusa da inda mai yake kwance, haƙoran giya na juya shi, wasu sanduna biyu kuma na tura bawul daga ƙasa. Babu tayimin cen da za ta saki. Matatar iskar ma aka yi ta da soso, a wanke a mayar. Injin ba ya son gudu mai tsanani, yana da karkarwa, ƙararsa ba ta da daɗi. Amma yana da wuyar kashewa. An ƙera shi a Barazil tun 1976, kuma har yau Atlas Honda na ƙera shi a Pakistan.

Roba-roba kuma, wadda injinta ke kwance yana kallon tayar gaba, daga dangin Honda Super Cub ta fito, babur ɗin da ya fara fita a 1958, wanda adadin da aka ƙera ya kai miliyan 100 a 2017. Ita tana da tayimin cen, ba ta da kulocin hannu, ga ƙarancin shan mai. Sai Jincheng mai hayaƙi, wadda ta riƙe acaɓa a Kano shekaru kafin a hana ɗaukar fasinja a babur a farkon 2013. Ita tsarin Suzuki AX100 ce.

Wato dai zanen da ake kwafa ba shi da matsala. Ya ci jarrabawar shekara hamsin a kan hanyoyin da ba su fi namu kyau ba.

Yadda zane ɗaya ya shiga hannu ɗari

Ba da sata abin ya fara ba. A shekarun 1980 kamfanin Jialing da ke birnin Chongqing ya ƙulla yarjejeniyar fasaha da Honda, Jincheng na birnin Nanjing kuma ya yi tasa da Suzuki. Waɗannan manyan masana'antu suna sayen fistin, ringi, kafireta da sauran sassa daga ƙananan masana'antu. Su kuma ƙananan, da suka ƙware, sai suka fara sayar wa duk wanda ya zo da kuɗi. A shekarun 1990 mutum zai iya buɗe rumfa a Chongqing, ya sayo sassa daga wurare ashirin, ya haɗa inji, ya buga sunansa a jiki. Lifan, wanda Yin Mingshan ya kafa a 1992, da Zongshen da Loncin duk a wannan gari da wannan zamani suka taso. Har kotu Honda ta kai Lifan saboda sayar da babura da sunan "Hongda", ta kuma yi nasara a 2004.

Masu waya za su so su kwatanta wannan da MediaTek, tunda Helio G85 ɗin da ke cikin Redmi Note 9 shi ne a cikin Infinix Hot 10S. Misalin bai zauna daidai ba, domin wancan guntu daga tushe ɗaya yake fitowa, ingancinsa ɗaya ne ko a wace waya. Injin kwafi ya fi kama da igiyar caja. Bakin Type-C ɗaya ne, kowace za ta shiga wayar, amma wata tagulla ce mai kauri a cikinta, wata kuma silin waya ne da ba zai kai wata biyu ba. Ido ba ya bambance su a cikin leda.

Haka kalmar "ɗan Caina" take rufe abubuwa masu nisa da juna. Haojue abokin hulɗar Suzuki ne, a masana'antarsa ake ƙera wasu baburan Suzuki da ake kaiwa har Turai. Loncin na ƙera wa BMW na Jamus injina. Zongshen na da kamfanin haɗin gwiwa da Piaggio na Italiya, masu Vespa. A ɗaya gefen kuma akwai babur ɗin da ɗan kasuwa ya je ya yi oda, ya ce a rage masa kaza a sauya kaza don farashi ya sauko, a liƙa masa sunan da ya zaɓa. Sunan zai yi shekara biyu a kasuwa ya ɓace, wani ya fito. Dukansu zanen CG ne. Kama da wane dai ba ta wane.

Biyetnam ta ga ƙarshen wannan wasa tun da wuri. Wajen shekarar 2000 baburan Caina masu arha suka cika ƙasar, suka ƙwace mafi yawan kasuwa. Aka shiga gasar karya farashi, inganci ya bi farashin ƙasa. A 2002 Honda ta fito da Wave Alpha mai sauƙin kuɗi, mutanen da suka gaji da zaryar gareji suka koma. A Najeriya ma an ga mai kama da haka, sai dai Indiya ce ta ci riba: 'yan acaɓa, waɗanda babur ne gonarsu, suka karkata ga Bajaj Boxer da TVS. Ita kanta Honda, da ke da masana'anta a Ota ta jihar Ogun tun 1979, sai da ta fito da Ace CB125 a 2011 don ta yi gogayya a wannan farashi.

Lambar da ke jikin inji

Akwai bayanin da mai sayarwa ba zai iya yi wa kwaskwarima da baki ba. A gefen hagu na injin, ƙasa kusa da fedar giya, akan buga wasu haruffa da lambobi, misali 162FMJ ko 1P52FMH. Fitilar waya ta isa a gan su. Tsarin ƙasar Sin ne na sanya wa inji suna, kuma karanta shi bai fi karanta lambar samfurin waya wuya ba.

Lambar farko, 1, na nufin silinda ɗaya. Idan P ta biyo baya, injin kwance ne irin na roba-roba. Lambobi biyu na gaba faɗin silinda ne a milimita, wato 52 ko 62. F na nufin iskar hanya ce ke sanyaya shi, Q kuma fanka ce, kamar a sikuta. M na nufin injin babur. Harafin ƙarshe shi ne girma: G 100cc, H 110cc, I 125cc, J 150cc, L 200cc. Saboda haka 156FMI injin 125cc ne, 162FMJ kuma 150cc.

Amfanin wannan a fili yake. Idan sitikar da ke jikin murfi ta ce 150, ko ma 200, amma lambar inji ta ƙare da I, to 125 ake shirin sayar wa mutum a kuɗin 150. Sannan ranar da za a nemi fistin ko gasket, wannan lamba ta fi sunan da ke kan tanki amfani, musamman idan sunan ya riga ya ɓace daga kasuwa. Abin da lambar ba ta faɗa shi ne inganci. Masana'antu da yawa na buga 162FMJ, na kirki da na banza.

Lambar shasi ma tana magana. Tana wuyan babur, ƙasan kan, haruffa da lambobi 17. Wadda ta fara da L a ƙasar Sin aka yi ta, J Japan, MD2 kuma Bajaj ne na Indiya. A yawancinsu harafi na goma shekara ce: P 2023, R 2024, S 2025. Babur ɗin da ake rantsuwa "saukar bana ne" yana iya zama ya shekara biyu a sito, batirinsa ya mutu, robobinsa sun bushe.

Inda ake rage kuɗin

Abin da ya sa injin kwafi mai arha ya fi arha ba a ganinsa daga waje. Haƙoran giya da sandar da ke buɗe bawul sai an gasa su da wuta an taurara fatarsu. Idan an yi gaggawa a wannan mataki, za su yi aiki lafiya na 'yan watanni, daga nan su fara cinyewa, garin ƙarfe ya bi mai ya zaga ko'ina. Akwai boris, wanda na kirki da na banza kamarsu ɗaya. Akwai robobin da ke tare mai, waɗanda zafin watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ke busarwa su tsage. Akwai kuma awo: babban kamfani na auna sassa ya zubar da wanda ya kauce, ƙaramin kuwa ya ɗaura shi haka nan. Shi ya sa abokai biyu za su sayi iri ɗaya rana ɗaya, na wannan ya yi shekara biyar, na wancan ya fara hayaƙi kafin a cire ledar kujera.

Duk da haka, idan aka zauna a garejin babura na yini guda, za a lura ba cikin inji ne ke yawan kawo baburan nan ba. Kayan wuta ne: CDI, kwil, abin da ke cajin batir, makunnin sitata, wayoyi sirara da ke narkewa. Sai cen da ke saurin saki, tayar da ta zo da shi mai santsi, shokozoba, da fentin da ke koɗewa. Injin CG na iya ci gaba da bugawa alhali duk abin da ke kewaye da shi yana zubewa ɗaya bayan ɗaya.

A nan matasa ma na da nasu laifin. Ranar da aka sayi babur, a ranar ake kai shi a yanka waya a ɗaura cajar USB, a ƙara fitilu masu walƙiya, wani har da sifika mai Bluetooth. An murɗe wayoyin da hannu, an naɗe da salatif, babu fiyus. Wutar da injin ke samarwa dama ƙididdigagga ce. Bayan mako uku batir ya daina ɗauka, sai a ce ai ɗan Caina ne. Cajar ba laifi ba ce, haka ma na'urar bin sawu mai layin waya, wadda a wannan zamani na satar babura ta cancanci kuɗinta. A dai ɗaura su ta bayan makulli, da fiyus, a hannun mai gyaran wuta da ya san aikinsa.

Wanda ya buɗe kwalin

Ga wani abu da ba a cika lissafawa ba. Babur ba ya zuwa daga Caina a tsaye. A kwali yake zuwa, a wargaje, wani rabi wani gaba ɗaya. Akwai masana'antun da ke haɗawa a Legas da Nnewi, amma da yawa a bakin shago ake haɗa su, a hannun yaran da ake biya bisa yawan wanda suka gama. Mai gaggawa ba ya sa giris a wuyan babur ko a gindin taya. Noti ɗaya ya ɗaure shi har ya ci zare, wani ya bar shi sako-sako. Injin da dama yake da karkarwa zai kwance duk abin da ba a ɗaure da kyau ba, kuma ba a fatan notin birki ya zama na farko.

Saboda haka masu wayo ke zuwa da bakanikensu, su biya shi ya tsaya a kan haɗin, ko ya sake bin babur ɗin noti bayan noti kafin a hau. Kuɗin wannan aiki bai kai na cika tanki biyu ba.

Man da ya zo a cikin injin ma abin zargi ne. Sau da yawa ɗan na ajiya ne kawai don kada ciki ya yi tsatsa a jirgin ruwa. Zubar da shi a ranar farko a zuba na kirki ba ɓarna ba ce.

Kilomita 1,000 na farko

Injin CG da na roba-roba ba su da matatar mai ta takarda irin ta mota. 'Yar raga ce da wani kofi mai juyawa da ke tara datti. Man kuma kaɗan ne, kusan lita ɗaya a CG, ƙasa da haka a roba-roba, kuma shi ke wanke inji, giya da kuloci a lokaci guda. Sabon inji na zubar da garin ƙarfe yayin da sassansa ke zama da juna, kwafi kuma ya fi na asali zubarwa saboda ba a goge shi sosai ba. Don haka juyen farko bai kamata ya wuce kilomita 300 zuwa 500 ba, a sake wani wajen 1,000, sannan a riƙe kusan duk 1,000. A wannan tsakani ba a murɗe totur har ƙarshe, ba a ɗora buhu biyu a kama hanyar Zariya. Wanda mitarsa ta mutu, abin da ke faruwa da wuri a baburan nan, yana iya sa tunatarwa a kalandar waya.

Irin man ma akwai magana. Kulocin waɗannan babura a cikin mai yake wanka, wasu mayukan mota kuma na ɗauke da sinadarin ƙara santsi da ke sa shi zamewa. A nemi mai rubutun 4T da JASO MA a jikin galan, 20W-50 kuma ya dace da zafin nan. Man da ake aunawa a kwalba daga durom ɗin da ba a san asalinsa ba ya kashe injina fiye da yadda kowace masana'antar Chongqing ta kashe. Haka fetur ɗin bakin titi da aka sirka.

Sai ƙura. Da hunturu soson matatar iska na bukatar wanki akai-akai, a bar shi ya bushe, a ɗan shafa masa mai, a mayar. Akwai makanikan da ke cire shi gaba ɗaya wai don babur ya ƙara gudu. Abin da ke biyo baya shi ne ƙura ta shiga silinda ta yi wa ringi aikin sanfefa.

Bawul kuma yana da tazarar da aka ƙayyade, 0.08 na milimita a CG125, 0.05 a yawancin injinan roba-roba, ana aunawa inji na sanyi. Da yawa da kunne suke saitawa, su matse har ƙarar ta ɗauke don mai babur ya ji daɗi. Bawul mai 'yar ƙara lafiyarsa ƙalau. Wanda aka matse ya yi tsit shi ne ke ƙonewa.

To, a saya ko a haƙura?

Ya danganta da aikin da babur ɗin zai yi. Wanda zai yi kabu-kabu ko kai kaya daga safe zuwa dare, a ce kilomita ɗari kullum, ragin da ya samu ranar saye zai mayar da shi a gareji, ga asarar ranakun da bai fita ba. Ranar sayarwa kuma Boxer ko Haojue na hannu na da masu nema, mai baƙon suna kuwa sai an yi ta roƙo. Ga irin wannan, ƙara haƙuri a cika kuɗi ya fi. Amma mai zuwa makaranta ko shago ya dawo, wanda zai riƙe juye a kan lokaci, injin kwafi daga kamfanin da ya daɗe a kasuwa zai yi masa shekaru. Yana da wata fa'ida da ko babur mai tsada ba shi da ita: babu ƙauyen da za a rasa wanda ya iya kwance CG, kayansa kuma tun daga Ƙofar Ruwa a Kano har Fanteka a Kaduna a zube suke. Su ma kayan gyaran hawa-hawa ne, mai shago yakan tambaya "na ƙwarai ko na daidai kuɗi?" A fistin, ringi da boris, na ƙwarai ake ɗauka.

Binciken da ya fi kowane bidiyon TikTok amfani shi ne a je garejin unguwa kafin a je shago, a gaishe da mai garejin, a ce, "Maigida, wane iri ne ya fi kawo maka aiki, wanne ne kuma kayansa ke wahalar samu?" Shi ba ya da babur ɗin sayarwa, kuma shi zai gaji matsalar.

A shagon kuma, a tayar da injin yana sanyi, a saurara, a duba salansa ko akwai shuɗin hayaƙi, a leƙa ƙasa ko mai na tsattsafowa. A tambayi garanti, a ce a rubuta shi a rasit, domin na baki ba ya wuce ƙofar shago. Lambar inji da ta shasi su zama daidai da abin da ke cikin takardu harafi bayan harafi, ko ɗaya ya kauce a ce a gyara kafin a biya. Sannan a ɗauki hoton lambobin biyu da rasit ɗin, a tura su Google Drive ko imel, ba a bar su a cikin wayar kaɗai ba, tunda sau da yawa wanda ya ƙwace babur yakan haɗa da wayar.